Zafi Ya Kankama: Kabeji Ba Sai An Hura Wuta Ba

  

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano da kewayenta yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokacin ma ya zarce. Duk wanda ya taso daga makaranta da ƙarfe biyu, ya tako a ƙasa ko ya tuƙa keke daga Bebeji ko Kiru zuwa ƙauyensu, ya san abin da nake nufi. Ka isa gida maƙogwaro a bushe, ciki yana kiran ciroma, amma ko kallon murhu ba ka son yi. Ga itace da gawayi sun yi tsada, ga gas ba a magana. Shi ya sa a irin wannan lokaci za ka ji ƙawaye da abokai suna tambayar juna, a aji ko ta waya: me za a ci wanda ba sai an ɗora tukunya ba?

Amsar da ta fi kusa da mu ita ce kabeji. A yau za mu duba amfaninsa, da yadda ake haɗa shi ɗanye, da kuma babbar maganar da masu tura wa juna hotunan abinci suke yawan tsallakewa, wato yadda za a ci shi ba tare da an kwana a asibiti ba. Masu shirin rubuta WAEC da NECO su fi kowa buɗe kunne, domin gudawar kwana uku a makon jarrabawa tana iya rusa wahalar shekara uku.

Daga ina yake zuwa mana?

Asalin kabeji daga ƙasashen Turai ne, inda kakansa na daji yake fitowa a gaɓar teku. Shuka ce mai son sanyi, shi ya sa a wajenmu ake nomansa da rani, ya yi girma cikin sanyin hunturu, ya cika kasuwa kafin zafi ya yi tsanani. A duniya ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomansa, Indiya na biye da ita. A Najeriya kuwa, idan ana maganar kabeji ba a tsallake Jos, saboda sanyin tsaunukanta.

Mu mutanen kudancin Kano mun yi dace ta fuska biyu. Ta farko, ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne yake ciyar da gonakin noman rani na yankin Kadawa, Kura da Bunkure, inda kayan gwari suke fitowa. Ta biyu, hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ita ce ta nufi Jos. Ke nan kayan lambu ba baƙinmu ba ne. Abin da mutumin birni zai je nema kasuwar 'Yankaba, mu sau da yawa a ƙofar gida yake samunmu.

Me ke cikinsa?

Idan ka auna giram 100 na ɗanyen kabeji, sama da giram 90 ruwa ne zalla. Wannan shi ne dalilin da ya sa yake da daɗin ci da zafi. A cikin wannan giram 100 ɗin akwai bitamin C kimanin miligiram 36, wato kusan rabin abin da jikin matashi yake buƙata a yini. Akwai kuma bitamin K, da harzar da take taimaka wa hanji ya yi aikinsa.

Bitamin C ba ya jure wuta. Idan aka daɗe ana tafasa kabeji, wani kaso zai lalace, wani kuma ya narke ya bi ruwan da za a tsiyaye. Don haka wanda ya ci shi ɗanye ya fi samun wannan bitamin. Sannan bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da gyaɗa da ganye. Wannan sinadari shi ke gina jini, kuma 'yan mata da suka fara al'ada sun fi kowa buƙatarsa. Ashe mai ɗanwake da take barbaɗa kabeji da tumatir a kai ba ado kawai take yi ba.

Tarihi ma ya shaida. A da, matuƙan jiragen ruwa da suke yin watanni a teku ba tare da ganye ko 'ya'yan itace ba, sukan kamu da wani ciwo da yake sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi. Rashin bitamin C ne yake jawo shi. Lokacin da Kyaftin James Cook na Ingila ya tashi doguwar tafiyarsa a 1768, ya ɗauki kabejin da aka tsuma da gishiri a jirginsa, ya matsa wa mutanensa su riƙa ci don kare kansu daga wannan ciwo.

Amma ku lura da wani abu. Ƙarfin da giram 100 na kabeji yake ba jiki bai wuce kalori 25 ba. Wannan ɗan kaɗan ne ƙwarai. Duk yarinyar da aka ce mata ta daina cin abinci ta koma kabeji zalla don ta rame, an ba ta gurguwar shawara. Jikin da yake girma, da ƙwaƙwalwar da take haddar lissafi, ba za su rayu a kan ganye kaɗai ba. Dole a haɗa da abin da zai riƙe ciki: ƙuli-ƙuli, wake, ƙwai, kifi, gari ko gurasa.

Kafin wuƙa ta taɓa shi

Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Idan ka ce ba za ka hura ta ba, to aikin da za ta yi ya dawo kanka. Kabeji a ƙasa yake girma, ana ba shi ruwan da ba kowane lokaci yake da tsafta ba, ana sa masa taki, ana fesa masa maganin tsutsa, sannan ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso gidanku. Ta wannan hanya ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki suke iya shiga cikin mutum.

Ba maganar tsoratarwa ba ce. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta ƙididdige sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Gurɓataccen ruwa da abinci su ne hanyarta. Saboda haka ga matakan da ba a tsallake ko ɗaya.

Na farko, zaɓe. Ɗauki kan da yake da nauyi a hannu, a dunƙule tam, ba mai laushi ko wari ba. Ka fi son cikakken kai a kan wanda aka riga aka yanka aka ajiye a faranti ƙudaje suna bi.

Na biyu, wanke hannu da sabulu, ba dauraya da ruwa kawai ba. A wanke wuƙa da faranti. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ko kaza kada ta taɓa kabeji sai an wanke ta da sabulu.

Na uku, a ɓare ganye biyu ko uku na waje a ba awaki. A nan ƙura da ragowar maganin feshi suka fi taruwa.

Na huɗu, a raba kan gida huɗu, a wanke shi da ruwan da kai kanka za ka iya sha. Wannan ita ce ƙa'idar. Idan ba za ka sha ruwan ba, kada ka wanke abin da za ka ci ɗanye da shi. Idan ana shakkar ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a yi amfani da wanda aka tafasa ya huce, ko wanda aka sa wa maganin tsaftace ruwa bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar.

Na biyar, a jiƙa shi cikin ruwan gishiri ko ruwan kal na kamar minti goma, sannan a sake ɗauraye shi. Wannan yana fitar da ƙananan ƙwari da tsutsa, yana rage datti. Amma kada wani ya ce muku gishiri yana kashe duk wata cuta. Ba ya kashewa. Kuma ba a wanke kayan lambu da omo ko sabulu, domin ganye yana riƙe su.

Na shida, sai bayan an wanke ake yankawa ƙanana. Idan ka yanka siri-siri sannan ka zuba a ruwa, bitamin C ɗin zai bi ruwan ya tafi.

Idan kuwa aka ji labarin amai da gudawa sun ɓulla a unguwa ko a makaranta, to a dakatar da cin ɗanyen ganye gaba ɗaya har abin ya lafa. A wannan lokacin gara a hura wutar.

Haɗi biyar da za ku iya

Na ɗaya shi ne kwaɗon kabeji, wanda iyayenmu suka daɗe da sani. Sakkwatawa datu suke kiran kwaɗo. A yanka rabin kan kabeji, tumatir biyu, albasa ɗaya, da attarugu gwargwadon yadda baki zai ɗauka. A daka ƙuli-ƙuli kamar cikin ludayi biyu, a dama shi da ɗan ruwa mai tsafta har ya yi kauri, a sa gishiri da ɗanɗano da cokali biyu na man gyaɗa. A juye a kan kabejin a cakuɗa, a matse rabin lemon tsami. Ya ishi mutum biyu. A duba ƙuli-ƙulin da kyau: wanda ya yi funfuna ko yake da ɗaci a zubar, domin funfunar gyaɗa tana ɗauke da gubar da take cutar da hanta.

Na biyu, kwaɗon garin kwaki. A yayyafa wa gari ruwa kaɗan, a rufe na minti biyar ya yi laushi ba tare da ya caɓe ba. A zuba kabeji da albasa da tumatir da garin ƙuli da mai da yaji. Wannan ya fi na farko riƙe ciki, kuma 'yan makarantar kwana sun san darajarsa.

Na uku, gurasa ko biredi da kabeji. A buɗe kifin gwangwani ɗaya, a murmushe shi da mansa, a haɗa da yankakken kabeji da albasa da kokwamba da ɗan yaji. A tsaga gurasa a cusa. Idan akwai dafaffen ƙwai da ya rage daga karin safe, a yanka a ƙara. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ba a ci.

Na huɗu, tunda lokacin mangwaro ne, a nemi wanda ya ƙosa amma bai gama nuna ba. A fere shi, a yanka siri-siri, a haɗa da kabeji da karas da aka goga, a matse lemon tsami, a sa ɗan gishiri da ɗan sukari da barkono, a barbaɗa soyayyiyar gyaɗa. Tsami da zaƙi da yaji a faranti ɗaya. Wanda zafi ya ɗauke masa sha'awar abinci ya gwada wannan.

Na biyar shi ne haɗin kabeji da karas irin na gidan biki, wanda ake yi da mayonis. Asalinsa na mutanen Holan ne, a harshensu ma sunansa yana nufin salak ɗin kabeji. Idan babu mayonis, yogot marar sukari ko kindirmon da aka tabbatar an tafasa madararsa yana yi. Sai dai wannan haɗin ya fi sauran saurin lalacewa, don haka ana haɗawa ake ci.

Ga wani ɗan sirri da zai tuna muku darasin bayoloji. Idan kabejin ya yi muku tauri, ku barbaɗa masa gishiri kaɗan bayan an yanka, ku bar shi minti goma. Za ku ga ruwa ya taru a ƙasan kwano, ganyen ya yi laushi. Gishirin da ke waje ne ya janyo ruwan da ke cikin ƙwayoyin halittar ganyen, abin da malaminku yake kira osmosis. Kun ga kun yi gwaji ba tare da kun shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. A yi amfani da gishirin leda mai sinadarin aidin, domin yawan cin ɗanyen kabeji ga wanda jikinsa ba ya samun isasshen aidin yana iya taimaka wa maƙoƙo ya fito.

Agogo yana aiki

Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60. Zafin ɗakunanmu da bazara yana tsakiyar wannan zango. Masana lafiyar abinci suna cewa kada haɗaɗɗen abinci ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. To mu da muke digiri 40 fa? Ma'ana, kwaɗon da aka haɗa da ƙarfe bakwai na safe aka sa a jaka, ba abin ci ba ne a lokacin tashi. Idan kina son tafiya da shi makaranta, ki riƙe garin ƙuli da yajinki a busasshen ƙulli daban, wankakken kabejin a rufaffen kwano daban, ki haɗa a tara ta farko.

Ina za a ajiye ragowar kan kabejin idan babu firji, ko akwai amma babu wuta? Amsar ta fito ne daga maƙwabciyarmu Jigawa. Wani malami mai suna Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take wucewa. Yayin da ruwan yashin yake tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jiki, kuma kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki lokacin da iska take a bushe, kafin damina ta kawo laima. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Amma a sani, kayan lambun da ba a haɗa ba ake ajiyewa a ciki, ba kwaɗo ko mai mayonis ba.

Ba duk abin da aka turo ake bi ba

Karɓar dabara daga abokai abu ne mai kyau, ta haka girki yake yaɗuwa tun kafin a san waya. Sai dai ku riƙa yi wa kowace dabara tambaya uku. Shin kayan haɗin akwai su a kasuwarmu, ko akwai abin da zai maye gurbinsu? Man zaitun ya yi tsada, man gyaɗa yana nan. Shin wanda ya yi haɗin yana zaune ne a inda ake da firji da wuta dare da rana? Abin da zai kwana lafiya a Landan ba zai kai la'asar a Tudun Wada ba. Shin ana jingina wa abincin maganin da ba a tabbatar ba? Idan aka ce muku ruwan kabeji yana warkar da gyambon ciki ko ciwon suga, kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye maganinsa. Kabeji abinci ne mai kyau, amma bai zama asibiti ba.

Kada kuma ku manta da waɗanda suke cikin gida. Kaka ko Inna da ta shekara arba'in tana kwaɗon zogale da rama da tafasa ta san ma'aunin ƙuli da mai fiye da duk wani hoto da za a turo muku. Ku tambaye su. Ku kuma samari, kada in ji ana cewa wannan aikin mata ne. Gobe kaɗan za ku tsinci kanku a ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a ko a wajen bautar ƙasa, inda babu ƙanwar da za a aika. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an yi rashin sa'a

In duk da haka gudawa ta kama wani, abin da yake kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, balle da wannan zafi. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Wanda ake sayarwa a ƙulle a kemis ya fi, a dama shi yadda aka rubuta a jiki. Idan babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan bayan gidan ya koma kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya faɗa, a garzaya asibiti ana tafe ana ba shi ruwan. 'Yan makarantar kwana su sanar da malamin da ke kula da ɗakinsu ba tare da jin kunya ba.

Aikin wannan mako

Ga abin da nake so ku yi kafin mu sake haɗuwa. Ku yanka kabeji ku raba shi kwano biyu daidai wa daida. Ɗaya ku sa masa rabin cokalin gishiri, ɗayan ku bar shi haka. Bayan minti goma sha biyar ku tsiyaye ruwan kowanne a cokali ku ƙirga, ku rubuta abin da kuka gani da dalilinsa. Sannan kowa ya tambayi wata dattijuwa a gidansu irin kwaɗon da suke yi da bazara lokacin ƙuruciyarsu, da ganyen da suke amfani da shi. Ku aiko mana da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku. Ina sa ran jin na Doguwa da Riruwai musamman, domin na san ganyayen da ke tsaunukanku ba duka ake samunsu a Bebeji ba.

A riƙa shan ruwa da yawa, a guji yawo da tsakar rana, a kwana a inda iska take shiga. Allah Ya ba masu jarrabawa sa'a, Ya kawo mana damina mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.